Ba Nawa Ba Ne

Matar da ke gefena a mota ce ta fara sa gabana ya faɗi. Mun taso daga Gezawa bayan azahar, na fito daga awon ciki, mu huɗu a kujerar baya, gwiwa na gugar gwiwa. Tun da muka hau take latsa waya. Can sai na ga ta ɗago ta dube ni, ta mayar da ido kan wayar, ta sake ɗagowa. Ba irin kallon nan na wanda yake tunanin inda ya san ka ba ne. Na yi mata murmushi na ce, "Sannu, Hajiya." Ba ta amsa ba. 'Yarta ƙarama tana tsakaninmu tana wasa da gefen hijabina, sai ta fizge yarinyar ta mayar da ita ɗaya gefen, ta rungume ta da hannu biyu. Daga nan ta miƙa wayar ga mutumin da ke kujerar gaba, ta yi masa raɗa a kunne. Shi ma ya waiwayo. Ban san me na yi ba, sai dai na ɗora hannu a kan cikina.

Kai nake rubuta wa wannan, ɗana. Yanzu ko shekara uku ba ka cika ba, kuma ban san ranar da takardun nan za su zo hannunka ba. A ragowar littafin lissafina na sakandare nake rubutawa. Wata huɗu ke nan da faruwar abin, har yau ban sake shiga motar haya ba. Dalilin da ya sa na dage shi ne, wata rana za ka girma ka riƙe waya, wani zai nuna maka wani bidiyo, ko don mugunta ko don wasa. A ciki za ka ga kanka kana kuka a hannun wata mata, za ka ji ta ce da bakinta kai ba nata ba ne, ba ta ma san sunanka ba. Matar ni ce. An gaya mini abin da ya shiga waya ba ya mutuwa. To ina so ka ji daga wajena kafin ka ji daga wajen wani.

Kai ne ɗana na fari. A gidanmu, da gidan su babanka, da duk gidajen da ke tsakanin gonakin nan namu, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an tambaye ta ma sai ta kawar da kai. Inna, mahaifiyata, har yau ban taɓa jin sunan babban wanmu a bakinta ba, ga shi da furfura a gemu. "Wancan" take ce masa. Kai kuma naka ya zama biyu, don sunan kakanka aka sa maka, mahaifin babanka, wanda muke kira Baba Malam. Sunan ɗan fari, kuma sunan suruki. Da aka yaye ka, Inna ta ɗauke ka zuwa garinmu, kamar yadda ake yi, ba ta kuwa dawo da kai ba. Ita kake kira Inna. Ni Yaya kake ce mini, don haka ka ji yaran gidan suna faɗi. Lokacin ina makaranta dariya nake yi wa wannan al'ada, har na sha cika baki a gaban ƙawayena cewa ni in na haihu daga bakin ƙofa zan riƙa ƙwala wa ɗana kira. Da aka haife ka sai harshen ya ƙi. Ba wanda ya tsawata mini. Kawai na buɗe baki sai na ji nauyi.

Kwana tara kafin ranar motar nan ka kwanta zazzaɓi, ga ƙafar Inna ta kumbura ba ta iya tafiya mai nisa. Aka aiko, na nemi izinin babanka, na je na ɗauke ka na kai ka asibiti, aka yi maka allura. A dawowa muka sauka a mararraba, inda hanyar garinmu ta rabu da titi, muna jiran mai babur. Ranar kasuwa ce, lokacin kaka, wurin ya cika da buhunan gero da wake da masu awo. Ga zafin allura, ga baƙunta, sai ka ɓarke da kuka kana banƙarewa kana tura mini ƙirji, kana cewa, "Inna! A kai ni gun Innata!" Ina cikin jijjiga ka sai ga wani saurayi a gabana, ɗan birni, ya ɗaure wayarsa a kan wata 'yar sanda, a ɗaya hannun kuma wani ɗan abin magana mai gashi-gashi kamar ɓera. Tun kafin ya yi sallama wayar tana fuskata. A bayansa, ƙarƙashin ɗorawa, ga Malam Ɗanladi mai igiya, aminin Baba Malam, zaune da wasu dattawa, duk sun juyo suna kallo.

Saurayin ya ce, "Hajiya, muna zaga kasuwanni ne muna gaisawa da mutanen karkara. Wannan jarumin ya cika kasuwa da kuka. Ɗanki ne?"

Na saci kallon Malam Ɗanladi. Na ce, "A'a. Ba nawa ba ne."

"To na wane ne?"

"Na mutane ne."

"Yaya sunansa?"

Na ja hijabi na rufe rabin fuskata, na ce, "Ban sani ba."

Dattawan nan suka tuntsire da dariya. Malam Ɗanladi ya ce, "'Yar halak! Ka ji 'yar gidan tarbiyya. Kai yaro, ɗan fari ne, rabu da ita." Ni kuma na ce wa saurayin, "Malam, don Allah kada ka ɗauke ni." Ya yi dariya ya ce, "Ai an gama, Hajiya," ya wuce wajen masu rake. Mai babur ya zo, na mayar da kai gun Inna, na koma ɗakina. Wallahi kafin kwana biyu na manta da shi.

To, a wannan mararrabar dai motar ta tsaya ranar da nake ba ka labari, kuma an yi rashin sa'a kasuwa ta sake ci, ta tsakiyar mako. Kafin in sako ƙafa ƙasa mutumin kujerar gaba ya riga ya fita, ya ɗaga wayar sama yana ihu, "Ga ta nan! Jama'a ga matar nan mai satar yara!" Ban taɓa sanin mutane suna iya taruwa da sauri haka ba. Wani ya cafke hijabina ta baya har ya shaƙe ni. Wata mata ta zo dab da fuskata tana cewa, "Ina yaron? Wa kika sayar wa?" Na ce wane yaro. Aka danna mini waya a ido, na ga kaina, na gan ka. Sai na fahimta, sai na ƙwala ihu, "Ɗana ne! Wallahi tallahi ɗana ne, ni na haife shi!" Tun da na haife ka ranar ce na fara faɗin haka a gaban mutane, kuma ba wanda ya saurara. Dutse ya same ni a saman gira, jini ya rufe mini ido ɗaya. Na durƙushe na dunƙule a kan cikina, wata biyar ne lokacin, na bar musu baya. Ina jin saukar kara da takalmi, ina jin wani yana cewa a kawo taya, wani yana tambayar ina mai sayar da fetur. Da idon da ya rage na ɗaga kai ina neman fuskar da na sani. Abin da na gani wayoyi ne, a jere, a sama, kowa yana neman inda zai fi hango ni.

Malam Ɗanladi ne ya ratso su, da igiyoyinsa rataye a kafaɗa, tsoho ne da ko gudu ba ya iyawa. Ya tsaya a kaina ya buɗe hannuwa yana cewa, "Surukar Malam ce! Ku ji tsoron Allah, a gabana aka ɗauki abin nan!" Shi ma sanda ta same shi a hannu. Wata dattijuwa mai awon hatsi, wadda har yau ban san sunanta ba, ta ja ni ta ƙarƙashin rumfa ta tura ni cikin shagon da take ajiye buhuna, ta rufe, ta zauna a bakin ƙofar ta ce duk wanda ya isa ya zo ya ɗaga ta. Ina kwance a kan buhun gero ina jin ana jifan kwanon rufin, ina lalube ko cikin zai motsa. Bai motsa ba sai da 'yan sintiri suka zo suka fitar da ni, suka kai ni gidan dagaci. A kan babur, a tsakiyarsu, na ji ya yi 'yar shura. Sannan na fara kuka.

Kwana uku na yi a cikin gidan dagaci, a ɗakin uwargidansa, don an ce ko gidanmu aka kai ni ba a da tabbas. Ita ta wanke mini ciwon, aka kira mai kemis ya ɗinke. Washegari Bintu, ƙanwar babanka, ta zo da wayarta. Na ce ta nuna mini. Ta ce, "Anti, ki bari." Na ce sai na gani. Ashe iri biyu ne. Na farko shi ne wanda saurayin ya sa a shafinsa, ya rubuta a sama, "Mutanen ƙauye sai a hankali," da hotunan fuskoki masu dariya. Ya yanke dariyar dattawa, ya yanke maganar Malam Ɗanladi, ya yanke inda na roƙe shi. Abin da ya bari kukanka ne, da amsoshina uku, da jan hijabi. Na biyu kuma wani ne da ba a sani ba ya ɗauka ya zagaye fuskata da jan layi, ya ɗora muryarsa a kai yana cewa iyaye su kula, ga matar da ta sace yaro a wani ƙauye gaba da Zakirai, duk wanda ya gan ta ya kama, a tura wa 'yan'uwa don Allah. Da gaske ne wani yaro ya ɓata a can cikin makon, sa'anka, kuma an ce sanye da irin rigar ƙwallon nan shuɗiya da ke jikinka, wadda kowace uwa take saya wa ɗanta a kasuwa. Na kalli matar da ke cikin wayar tana rufe fuska, yaro yana ture ta yana kiran innarsa. Na rantse maka, da ban san ta ba, ni ma da na ce ɓarauniya ce.

Sai na gangara ƙasa na karanta abin da mutane suka rubuta. Masu tsine mini, masu cewa a ƙone ni, masu cewa kalle ta kamar ta Allah, har da wanda ya ce ai kyakkyawa ce, a ba shi lambarta. Akwai 'yan kaɗan da suka ce ku bi a hankali, wannan kamar kunyar ɗan fari ce, amma an danne su. Wata ta ba su amsa da cewa wa yake irin wannan a zamanin nan. Ranar ce kaɗai na yi da-na-sanin iya karatu.

Babanka yana birni ya kai albasa lokacin da abin ya faru, ya baro kayan a hannun wani ya taho. Ya shigo ya zauna a bakin ƙofa, ya kalli girata, ya kasa cewa komai sai, "Sannu. Sannu." Inna ta zo tana ɗingishi, ta bar ka a gida don tsoron kada a gan ka a hanya a ƙwace. Tana shigowa ta fara faɗa, ba da ni ba, da duk wanda ke tsakar gidan.

"Me ta yi? Ku gaya mini me ta yi! Abin da na koya mata ta yi, abin da uwata ta koya mini. Yau kunya ce ta zama sata?"

Uwargidan dagaci ta ce, "Ki yi haƙuri, Iya. Wayar ce ba ta san kunya ba."

Inna ta ce, "Wayar ce ta jefe ta da dutse?"

A rana ta uku aka samo saurayin, ta lambar da ya sa a shafinsa don masu son talla. Dagaci ya tara mutane a ƙofar gidansa bayan azahar: Baba Malam, babanka, Malam Ɗanladi da hannunsa a ɗaure, liman, da wasu maza biyar daga ƙauyen da yaron ya ɓata, waɗanda tun ranar farko suke zuwa suna cewa sai an fito musu da ni. Ni ina cikin zaure, bayan asabari, ina ganinsu ba sa ganina. Saurayin ya zo cikin shadda mai guga, ƙamshin turarensa har inda nake. Ya durƙusa, amma bakinsa bai mutu ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban ce ta saci yaro ba. Raha nake yi, sana'ata ce. Kuma ba gidanta na shiga ba, kasuwa ce. Duk wanda ya fito waje ai ana iya ɗaukarsa, ba laifi ba ne."

Dagaci ya ce, "Mahaifiyarka tana zuwa kasuwa?"

"Tana zuwa, ranka ya daɗe."

"Ka taɓa sa ta a shafin naka?"

Ya sunkuyar da kai. Dagaci ya ci gaba.

"Yarinyar nan ta ce maka kada ka ɗauke ta?"

"Lokacin na riga na ɗauka."

Malam Ɗanladi ya ce, "Ni kuma da na ce maka ɗan fari ne, ina ka kai maganata?"

Ya ce, "Baba, bidiyo in ya yi tsawo ba a kallo."

Na daɗe ina juya maganarsa a raina, ta cewa waje ne. A makaranta an koya mana cewa kowane ɗan ƙasa yana da 'yancin sirrinsa, na haddace na rubuta a jarrabawa na ci, amma a tunanina sirri shi ne abin da ke cikin ɗaki. Hanya ta kowa ce, na yarda. Amma fuskar da na fito da ita kan hanyar, ta wane ne? Ba yawo na fito ba, yaro mara lafiya na kai asibiti. Da can in mace ta wuce ta kasuwa, waɗanda suka gan ta su ne suka gan ta, kuma a cikinsu akwai wanda ya san ubanta, ya san mijinta, ya san me take nufi in ta ce ba nawa ba ne. Shi ya cire ni daga cikin waɗanda suka san ni, ya kai ni gaban waɗanda ba su sani ba, ya tafi ya bar ni a can.

Da aka tambaye shi yadda za a gyara, sai ya ce hanya ɗaya ce: a sake ɗaukata, ina riƙe da kai, in faɗi da bakina cewa kai ɗana ne, in faɗi sunanka, ya sa a shafin. Baba Malam ya ɗaga hannu. Mutum ne mai sanyin magana, almuru da safe yana kan buzunsa, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar.

Ya ce, "An tozarta ta sau ɗaya, ba za a ƙara ba. Ga ni, ga liman, ga ubansa. Shaidarmu ba ta isa ba?"

Dagaci ya ce, "Ta isa a nan, Malam. Waɗanda ke Zakirai fa? Waɗanda ke birni? Duk motar da ta shiga za ka bi ta ka yi shaida?"

Babanka, wanda bai taɓa musa wa mahaifinsa ba, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, tana da haihuwa a gaba. Dole wata rana a fita da ita."

Shekara huɗu ina gidan Baba Malam, tsakanina da shi gaisuwa ce daga durƙushe, kai a ƙasa, ban taɓa sa baki a inda yake magana ba. Na ji muryata ta fita daga bayan asabarin tun kafin in yanke shawara.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Zan yi."

Aka aika aka ɗauko ka, 'yan sintiri biyu suna rakiya. Aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar gidan, na zauna da ɗinki a gira, katinka na asibiti da Bintu ta ɗauko mini a hannuna, wanda nake ajiyewa a ƙasan akwati tun ranar haihuwarka. Saurayin ya kafa sandarsa. Da na ga bakin wayar ya juyo gare ni sai na ƙanƙame katin. Inna ta sauke ka daga baya ta ce, "Je ka." Ka kalli taron, ka kalli fuskata da ta kumbura, ka ruƙunƙume zaninta.

Ka ce, "Ba na zuwa gun Yaya."

Ɗaya daga mazan ƙauyen ya miƙe. "Kun ji ko? Yaya ya ce! Wane ɗa ne yake ce wa uwarsa Yaya?"

Ba laifinka ba ne, kada ka taɓa ɗora wa kanka. Abin da muka koya maka ka faɗa. Inna ta matso ta zauna a gefena da kai a cinyarta, na ɗaga katin, na karanta sunana a inda aka rubuta sunan uwa. Sannan na kalli wayar. Baba Malam yana zaune taku uku daga inda nake.

Na ce, "Wannan ɗana ne. Ni na haife shi, shi ne na farina. Sunansa Idrisu."

Inna ta rufe bakinta da gefen mayafi. Baba Malam ya kalli ƙasa, yana jan carbi. Bai taɓa yi mini maganar ba har yau, kuma bai canza mini fuska ba. Matan gari ne ba su bar ta ba. Waɗanda suka zo mini jaje da kunu da safe, su ne da yamma a bakin famfo suke cewa boko dai ba ta yi ba, yarinya ta kalli surukinta ta kira sunansa duniya tana ji. Bintu ce take kawo mini maganar, na hana ta ta ƙi hanuwa.

Amma ranar, mazan ƙauyen nan ba su gamsu ba. Suka ce kati takarda ce, kowa yana iya samu. Sai babbansu ya waiwaya ya yi kira, aka fito da wata mata daga bayan motar da suka zo da ita. Ashe tun zuwansu tana nan a zaune. Siririya ce, ba za ta girme ni da yawa ba, idanunta sun faɗa. A kafaɗarta akwai zanen goyo da majanyi, wankakku. Ta zo da su ne don ta goya ɗanta su koma gida. Ta tako a hankali ta durƙusa a gaban Inna, ba ta ko dube ni ba. Ta kama ƙafarka ta hagu ta juya tafin, ta shafa da babban yatsa, tana neman tabon ƙunar da nata ya yi a murhu. Ta sake shafawa. Ta kama ta dama ita ma ta duba, ko ta manta ne. Ta daɗe tana kallon fuskarka, kai kuma ka yi tsit kana kallonta.

Ta ce, "Ba shi ba ne."

Sannan ta juyo gare ni. Ta yi maganar a hankali, ba na jin mazan sun ji.

"Kwana bakwai ina kallon fuskarki a wayar maƙwabta, har na haddace ta. Kullum ina roƙon Allah Ya sa ke ce. Don in ke ce, to yana da rai, an gan shi." Ta ci gaba, "Tun da hoton nan ya fito aka daina duba rijiyoyi da gonaki. Kowa ke yake nema. Ki yafe ni, 'yar'uwa."

Na kama hannunta. Dagaci ya ce wa saurayin, tunda shafinsa yana da jama'a haka, sai ya sa hoton yaron da ya ɓata a taya su nema. Saurayin ya ce to, a ba shi hoton. Aka kalli matar, ta kalli mijinta. Mijin ya ce, "Ba mu taɓa ɗaukarsa hoto ba."

Ana cikin haka aka kira sallar la'asar. Maza suka fara miƙewa suna kaɗe riguna. Saurayin yana naɗe sandarsa na yi ƙarfin hali na ce, "Malam, na farkon fa?" Bai kalle ni ba. Ya ce ya goge na shafinsa tun jiya, wanda ke cikin wayoyin mutane kuwa ba shi da iko da shi. Dagaci ya tsaya a kaina, da butarsa a hannu, ya sassauta murya.

Ya ce, "'Yata, kin tsira. Tashi ki tafi gida, babu mai taɓa ki."

Na ce na gode, Allah Ya ja da rai. Amma ban tashi daga kan tabarmar ba. Daga nan inda nake zaune ina hango matar a jikin mota, tana ninke zanen goyon, gida biyu, gida huɗu, ta ɗora majanyin a kai ta danne da tafin hannu, ta rungume a ƙirji ta shiga.